Ranar da Sallau Ya Fita Yaƙi da Likkafanin Gwaggonsa

Da sunan Allah wanda Ya halicci mai abu da marar abu, Ya kuma halicci mai ɗaukar abin da ba nasa ba, Ya ba shi bakin da zai ce aro ne.

Ku matso ku ji tarihin gwarzo, sadauki, barden Kukar Jatau, Sallau ɗan Nomau, jikan Barau mai jaki ɗaya da ake jin kukansa har ƙetaren rafi, tattaɓa-kunnen Hantsi wanda ya taɓa korar kura daga bakin garke, ko da yake waɗanda suka duba sawun sun ce karen maƙwabta ne. Sallau toron giwa a teburin mai shayi, guguwa a ƙofar masallaci, namijin duniya mai shadda ɗaya, wanda in ya buɗe baki kaji kan bar tsakar gida! Wannan asali na san shi ciki da bai, don Nomau ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ni Kande na goyi Sallau a bayan nan nawa, ya jiƙa mini zannuwa ba adadi, ban taɓa kai ƙararsa ba sai yanzu.

Asalin fitinar daga rediyo ta fito. A nan Sallau ya ji ana zancen cewa ya kamata gwamnati ta riƙa ba kowane ɗan ƙasa ɗan abin cefane duk wata, mace da namiji, mai kuɗi da talaka, ba sai kana da katin jam'iyya ba, ba sai kansila ya san uwarka ba. Tun daga ranar hamasa ta kama shi kamar zazzaɓin damina. Ya kafa Ƙungiyar Kowa Ya Samu, ya naɗa kansa shugaba ba hamayya, ya bi majalisa-majalisa da zaure-zaure yana huɗuba da balaga har kumfa na taruwa a gefen bakinsa. Ilu mai fentin manyan motoci ya yi masa mubaya'a ya zama waziri. Cindo mai maganin basir ya kawo lasifikarsa ya zama sankira. Lantana mai awara ta ja rundunar mata.

Kuma in faɗi gaskiya, maganar ta shige ni. Ni da duk rabon tallafin da aka yi a garin nan nake tsayawa a layi tun hantsi har inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata, in dawo gida da ciwon gwiwa, matar kansila kuwa ta wuce ni da buhu a kan babur? Na ce Allah Ya taimake ku, 'ya'yan nan. Har kunun zaƙi na dama musu. Ashe da hannuna nake kiwon gara.

Da majalisar yaƙi ta zauna a gindin darbejiya, aka yanke shawara ranar Alhamis, ranar kasuwa, runduna za ta ɗunguma zuwa sakatariya ta tsaya gaban ciyaman. Sai waziri Ilu ya ce ba a fita fama ba tuta. Aka dubi juna. Masu neman a ba duniya duka kuɗi, ba wanda ke da na yadi.

To, a ɗakina akwai adaka, a ƙasan adakar akwai farin alawayyo sabo fil, ba a sa masa almakashi ba. Likkafanina ne. Da daddawa na saye shi, ƙulli-ƙulli, damina da rani, don na rantse ranar da na cika ba za a zaga unguwa da kwano ana karo-karo a rufe ni ba, ana cewa tsohuwa ta mutu ba ta bar ko abin suturarta ba. Hajiya Dudu da ta dawo daga Makka ta ɗiba mini zamzam na yayyafa masa, na naɗe shi da kafur da turare, na sa allura da zare a ciki, don kada mai ɗinki ta sha wahalar nema. Abin da na mallaka ke nan a duniya wanda na tabbata zan mora.

Ranar Talata na tafi ƙauye sunan jikata. Sai gwarzon maza, fasa-taro, mai zuciyar da ba ta san kunya ba, ya kai hari ɗakin tsohuwar da ba ta nan, ya ci adaka da yaƙi ba tare da an zubar da jini ba, ya fito da ganima a hammata. Maƙwabciyata Asabe ta tare shi ta ce, "Kai Sallau, ka san abin da ka ɗauka kuwa?" Ya ce, "Aro ne, Baba Asabe. Na duba Gwaggo da kyau, garau take, ba za ta mutu kafin Alhamis ba." Kun ji fa. Har Mala'ikan mutuwa ya yi wa jadawali.

Ilu ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya ɗauko jan fenti da kore irin na bayan tirela, wanda ko ruwan ɗufana ba ya wankewa, ya zana KOWA YA SAMU RABONSA DUK WATA. Da ya ga fili ya ragu a gefe, hannunsa ya saba, sai ya ƙara zaki da itacen dabino. Aka ɗaura shi a jikin gora biyu dogaye.

Da Alhamis ta kama, rana ta ɗaga, runduna ta yi sahu a bakin tasha, sahun da tun kafuwar Kukar Jatau ba a ga irinsa ba in ka cire layin kananzir. Sallau ya hau turmi, ya gyara hula, ya ɗaga hannu sama kamar mai tsayar da mota, Cindo ya kunna lasifika, ta yi ƙara, ta fara da sauran tallar maganin basir kafin a danne ta. Sannan barde ya yi kururuwar da ta tayar da tattabarun masallaci:

"Rabo na wa?"

"Na kowa!"

"Har da wa?"

"Har da tsohuwa!"

Tsohuwar da suka yi wa tsirara tun kafin ta mutu.

Suka ɗunguma, ƙasa na rawa, awaki na neman mafaka, masu kallo na tambayar ko wani ɗan takara ne ya zo. Ba su kai gadar rafi ba maƙiyi na farko ya bayyana daga gabas, baƙin hadari da iskarsa a gaba. Iska ta cika tuta ta kumbura kamar cikin mai tagwaye, ta ja mariƙanta biyu ta nufi kwata da su, ƙafafunsu na neman ƙasa. Nan waziri Ilu ya nuna hikimar da ake ba da labarinta har gobe. Ya ce tuta sai da ƙofar iska. Ya zaro reza ya huda likkafanina, ya huda, ya huda, har ya koma kamar rariya. Iskar ba ta fasa ba.

Maƙiyi na biyu ya fi na farko makirci. Wani ɗan acaɓa ya wuce yana cewa ana rabon taliya da sabulu a ƙofar gidan wani mai neman kujera, amma ba za ta isa kowa ba. Jama'a, kafin Sallau ya waiwaya, Lantana mai awara ta ja rundunar mata kaf sun yi kudu, mayafai na tashi, rabin maza na biye da su. Masu neman kowa ya samu sun tafi kada wani ya riga su. Ban ga laifinsu ba, da ina nan ni ma da na bi. A cikin wannan hargitsi lasifikar Cindo ta yi tari ta mutu, muryoyin da suka saura kuma sun dushe.

Amma jikan Barau ba ya juya baya. Ya umarci a sauke tuta, a naɗe lasifika a ciki kada ruwa ya taɓa ta, a ɗora ƙunshin a kan gorar nan biyu, mutum huɗu su saɓa a kafaɗa, a yi sauri a ratsa kasuwa kafin hadari ya sauko. Shi kuma ya shige gaba, kansa a sunkuye saboda baƙin cikin gudun runduna.

To ku da kanku ku auna. Maza huɗu sun saɓo abu dogo naɗe da farin yadi, suna sauri, ba mai magana, ƙamshin kafur na tashi, ga wani a gaba fuska a murtuke. Mutanen garinmu ba sa ganin gawa su zauna. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe. Masu hatsi suka kife tiya. Teloli suka sauko daga kan keke, masu shayi suka bar tukunya na tafasa, kowa ya sa takalmi ya bi baya yana salati a hankali. Wannan ya karɓi gora ya taka kaɗan don neman lada, wancan ya karɓe shi, har mariƙan farko suka koma can baya suna murza kafaɗa, suna murna an hutar da su.

Da Sallau ya waiwaya ya ga taro ya cika hanya daga bakin kasuwa har gindin kuka, sai hawaye suka zubo masa. Ya ce wa Ilu, "Waziri, ka gani? Talaka ya farka!" Masu binsa da suka ga yana kuka suka riƙa dafa kafaɗarsa suna cewa, "Sai haƙuri, Sallau, kowa lokacinsa yake jira." Ya ce, "Lokacin ya zo ai!" Suka ce, "Haka ne, Allah Ya sa can ta fi nan."

A mararraba hanya ta rabu, dama sakatariya, hagu maƙabarta. Amirul jaishi Sallau ya yi dama yana taƙama, ƙirji a gaba. Ya yi nisa kafin ya ji bayansa shiru. Tuta da jama'a duk sun yi hagu. Ya biyo su da gudu, shadda na harɗe shi, yana ihu da dusasshiyar murya, "Ba nan ba! Wurin ciyaman za mu kai!" Wani dattijo ya ce, "Ku riƙe shi, zafin rashi ne." Wani ya tambayi Cindo, "Wai wa muka ɗauko?" Cindo da ya ruɗe ya ce, "Ai likkafanin Gwaggo Kande ne." Shi ke nan. Kafin a kai ƙofar maƙabarta labari ya koma gari ya zaga shi.

A gaban liman aka sauke, aka buɗe. Ga lasifika kwance, ga zaki, ga dabino. Liman ya karanta rubutun a fili. Tsohon da ke haƙa kabari ya jingina da magirbinsa ya ce, "Nan kam kowa na samun rabonsa, amma sau ɗaya ne." Sai ruwa ya kece. Mahauta suka tuna sun bar nama a tebur, masu hatsi suka tuna buhunansu a buɗe, kuma duka suka tuna wanda ya jawo. Tarihi ya tabbatar cewa ba a taɓa ganin barde ya tsallake katangar maƙabarta da irin wannan sauri ba. Hularsa tana can har yau. Sakatariya kuwa ko ƙofarta ba su gani ba, kuma daga baya aka ji ciyaman ma ba ya gari.

Ni kuwa da la'asar na sauka daga mota da ƙunshin wainar suna, na shigo gida na tarar da tabarmi a shimfiɗe, mata cike da tsakar gida suna kuka, an ɗora ruwan wankan gawata a murhuna da itacena. Da na yi sallama, wasu suka haura turmi, wata ta shige akurkin kaji. Wata da ba zan faɗi sunanta ba, ta san kanta, na same ta a ɗakina tana gwada takalmina.

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Ya ce, "Ɗanki ne, Kande, ki yi haƙuri." Na ce haƙurin za a naɗe ni da shi? Aka kira Sallau, ya durƙusa, ya ajiye mini abin a gabana da hujojinsa da zakinsa, ya ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Ranar da gwamnati ta fara biyan kowa, na watan farko naki ne, sabo zan saya miki." Na ce, "Uban wa zai roƙa mini Mala'ika ya jira gwamnati?"

Na wanke shi da sabulu, na wanke da toka, fentin ko gezau. Na naɗe shi na mayar adaka. Ina neman likkafanina sabo, alawayyo, daga aljihun Sallau ɗan Nomau, ba karo-karo ba, kuma duk wanda ya ji wannan tarihi shaida ne. In kuwa ta Allah ta kasance kafin ya kawo, na riga na bar wa Asabe wasiyya. A naɗe ni a wannan ɗin, rubutun ta waje. Sallau ya kama makara ta gaba, kada kowa ya karɓe shi. In an zo mararraba a yi dama tukuna, a tsaya da ni a ƙofar sakatariya har ciyaman ya fito ya karanta. Tun da mazan ƙungiya sun kasa kai saƙon, ni zan kai.