Yadda Za Ka Ɓoye wa Maƙwabta Cewa an Soke Wasan da Fuskarka ke Ciki

Taƙaitaccen bayani: ɗanka mai zane ya yi shekaru a kamfanin da ke ƙera wani wasan bidiyo na takubba da dodanni, irin wanda ake bugawa a talabijin da ƙaramar na'urar hannu. Ya ɗora fuskarka a kan tsohon da ke gadin gadar tsafi. Ka shaida wa unguwa kaf. Yanzu kamfani ya soke wasan, ya sallami ɗan naka. Matakan nan, daga hannun tsohon akawu, tabbas za su tsare maka mutunci, muddin ka bi su bi da bi.

1. Kada ka ce "an soke".
A ofis ba a soke komai. Ka ce ana nazari. Na san fayil ɗin da aka yi ta nazarinsa har mai shi ya rasu, kuma babu wanda ya ji kunya.

2. Ka bar gemun.
Don ka dace da hoton ka tara shi, aske shi yanzu daidai yake da sanarwa. Idan mai aski ya ce, "Baba, yaushe za mu gan ka kana sare kan dodo?" ka amsa, "Ni ba na sara. Gada nake gadi." Ka fita kafin ya sake tambaya.

3. Ka ba zaman ɗanka suna.
Maƙwabta za su gan shi da rana tsaka yana shanya wanki. Ka ce daga gida yake aiki. Idan uwarsa ta ce, "Malam, yaron nan ya daina cin abinci, kai kana ta gyaran gemu," ka tabbatar mata an karɓi ƙorafinta.

4. Kada ka shiga ɗakinsa.
A nan ake faɗuwa. In ka shiga, zai miƙo maka na'urar ya ce, "Baba, iyakar abin da aka gama ke nan." Za ka ga jarumi ya iso bakin gada, takobi a hannu, jini a riga. Za ka ga kanka, har tabon goshinka, har biron da kake saƙalewa a bayan kunne. Tsohon zai dubi jarumin sama da ƙasa ya ce, "Mai sa hannu ba ya nan. Ka dawo gobe."

Bayan gadar fili ne fari fat. Ba a kai ga zana komai a can ba.

Ɗanka zai yi dariya, karo na farko tun da aka sallame shi. Kai ma za ka yi, har ka share ido da hannun riga. Washegari za a same ka a kujerar mai aski kana cewa, "An soke. Aske min. Amma tsaya tukuna ka ga yadda yaron nan ya zana kunnena."

Jimillar asara: gemu ɗaya, aikin ɗa ɗaya, da duniya guda a ƙetaren gada wadda babu mai taka ta. Marubucin ba shi da alhakin ko ɗaya daga ciki. Mai ƙorafi ya dawo gobe.