Ƙwallo Ɗaya Tilo ta Ƙafar Zinare

Wanda bai san Ƙafar Zinare ba, baƙo ne a unguwar. Shekara goma sha ɗaya ya yi a babbar ƙungiyar ƙwallo, kuma ba a taɓa samun ɗan wasan da ya riƙe amanar benci kamarsa ba. Rigarsa kullum fes take komawa gida. Shi dai cewa yake tanadinsa ake yi, don ba a fito da babban makami a ƙaramin yaƙi.

Falonsa gidan tarihi ne. Ga riga mai lamba ashirin da uku a cikin gilashi, ga takalma a kan talabijin kamar yau aka sayo su, ga hoton ƙungiya da shi a can gefe, firam ya cinye masa rabin kafaɗa. Ko mai gyaran famfo ne ya shigo, sai ya sha labarin wasan ƙarshe kafin ya sha ruwa.

"Saura minti huɗu aka sako ni," yakan ce, yana shafa gwiwa. "Taɓawar farko na ɗirka ta a kusurwa. Gola ko motsi bai yi ba. Da ƙafar nan aka ɗaga kofi."

Duk gaskiya ne. Ragowar labarin matarsa kaɗai ta sani, ita kuwa ta iya bakinta. 'Yarsu da wannan labari ta girma, har dambe ta sha yi a makaranta a kansa. A duniya ba abin da yake so kamar irin kallon da take masa idan ya fara.

Ran da dangin saurayinta suka zo gaisuwa, sau uku ya goge gilashin. Ana gama gaisawa ya gyara murya. Uban saurayin, wani dogo mai sanƙo da manyan tafukan hannu, yana sauraro, har aka zo inda gola bai motsa ba.

"Yaya zan motsa, ɗan'uwa?" in ji dattijon. "Ai kai namu ne. An sauya gida bayan hutun rabin lokaci kana gyangyaɗi a benci." Ya tashi ya ɗora yatsa a kan hoton. "Ga ni nan a tsakiya, lokacin ina da gashi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙafar Zinare ya waiga, ya ga 'yarsa a bakin labule da tire a hannu. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi.

"Baba, to wa ya ɗaga kofin?"

"Waɗancan, 'yata." Ya dubi takalman, dariya ta kuɓuce masa. "Shekara goma sha ɗaya, ƙwallo ɗaya, ita ma na yi kyauta da ita."

"Duk damben da na yi fa?"

"Ki bi su ki ba su haƙuri."

Ta ajiye tiren tana dariya har da hawaye, ta fara miƙa wa golan ruwa kafin ubanta.

An yi auren lafiya. Sai dai tun ranar, duk sanda ya dawo daga kasuwa, matarsa kan leƙo ta taga ta nuna masa ƙofa: "Maigida, namu gidan wannan ne."