Yadda Ake Rama Hoton Hamma

Matso kusa, 'yar'uwa. In Allah ya jarabce ki da jika mai ɗaukar hoto, ga magani, a kaina na gwada. Ki bi matakan nan, na ba ki kwana bakwai mutuncinki zai dawo har da ƙari.

Tawa jikar Ƙyas muke ce mata, don ko tari ka yi sai ka ji ƙyas, ta ɗauke ka hoto. Ta kama ni ina hamma, ɗankwali ya zame, haƙorana na roba suna jiƙe a kofi. Wai za ta wanke hoton girman ƙofa ta rataye a wajen baje kolin hotunanta ranar Asabar, kuma uwar saurayinta za ta zo. Matar da shekara biyu nake yi wa murmushi da haƙora talatin da biyu!

1. Kada ki yi faɗa

Na ce, “Ke ja'ira, goge shi.” Ta ce, “Haba Kaka, ai nan gaskiyarki ta fito.” Gaskiyata dai dasashi! Kada ki ɗaga murya, yaran nan ko zagi kika yi ɗauka za su yi. Ki ce Allah ya yi albarka, ki ƙulle abin a ranki. Ni har yau ina sane da wadda ta taka mini zane ranar bikina.

2. Zauna wa kowace kyamara

Za ta kawo su iri-iri. Akwai mai ƙafa uku wadda take cusa kai cikin baƙin ƙyalle kamar mai turaren zazzaɓi. Akwai gwangwanin madara da ta huda da allura, ta ce in zauna minti biyar kada in motsa. Ƙuda ya sauka a hancina, ya huta, ya yi wanka, ya tafi. Hoton ya fito kamar aljana a hayaƙi, ta ce, “Kaka, fasaha ke nan!” Ki ce ƙwarai. Idonki dai yana kan yatsanta, ki ga inda take dannawa.

3. Jira ta ce “haɗin gwiwa”

Duk mai hoto sai wannan ciwon ya kama shi. Tawa ta fara da tela, ya ɗinka wa hotona ɗankwali da zare. Sai ta zo kaina: “Kaka, yanzu ke za ki ɗauka, in ga duniya da idonki.” Ta rataya mini wata 'yar ƙaramar kyamara mai tofo hoto nan take. Kada ki yi guɗa. Riƙe ta a juye, ki ce, “Ta ina ake kunna ta, 'yar nan?” Ki ɗauki rufin ɗaki sau uku don hankalinta ya kwanta.

4. Yi farauta

Cire takalmi. Tsohuwa ba takalmi ko kyanwa ba ta jin ta. Ranar Alhamis da rana na same ta a kicin, ta tsuguna bayan ƙofa, ta cusa fuska cikin tukunya tana suɗi, miya har gira, ido ɗaya a waje kamar ɓarauniyar akuya. Ƙyas! Na ɓoye hoton a bakin zane na koma na kwanta ina nishi.

5. Kai mata a faranti

Rufe shi da murfi kamar abin marmari. Na ce, “Ki goge nawa, in ƙona naki. In ba haka ba uwar saurayinki za ta ga wadda za ta riƙe mata tukwane.” A nan ya kamata ta durƙusa. Tawa ta ƙura masa ido, ta yi tsalle ta rungume ni: “Kaka! Dubi hasken nan! Tare za a rataye su!” In taki ma ba ta da kunya, kada ki karaya, wuce mataki na gaba.

6. Je da kyamararki

Ranar Asabar ga ni a bango baki buɗe kamar rijiya, ga ta gefena cikin tukunya. Na tsaya a gefe, kyamara a wuya. Uwar saurayi ta shigo da mayafinta mai ƙyalli, ta dubi nawa, ta dube ni, ta dubi na tukunya. Na ce shi ke nan. Sai ta fashe da dariya, ta riƙe ciki, ta sake tuntsurewa, sai ga haƙoranta na sama sun yi tsalle sun faɗo tafin hannunta.

Ƙyas!

Ni na danna. Matar ta ce, “Hajiya, don Allah...” Na ce, “Ba komai, 'yar'uwa, kofina yana cin biyu.” Hoton kuwa yana bakin zanena. Yanzu kullum ita take fara gaishe ni.

In kin bi matakan nan aka fasa aure, ko aka kama ki kina sanɗa a kicin, ko naki haƙoran ne suka faɗo, ba ruwana, ban san ki ba. Kuma in kin zo ƙorafi, ki gyara ɗankwalinki tun daga ƙofa, kyamarata tana wuyana.