Nomau da Turaren Hammata

A garinmu akwai wani saurayi Nomau, wanda ke zaune da gwaggonsa Tabawa mai daddawa. Dukiyarsa kaji biyu ce da wata baƙar riga da ubansa ya bar masa. Ba mugu ba ne, kai ne dai babu: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yana son Lantana 'yar Malam Jatau marini. Wani saurayi Shekarau ma yana sonta, shi kuwa bai daɗe da dawowa daga birni ba, ƙamshi na binsa har masallaci. Malam Jatau ya ce su zo gaisuwa ranar Juma'a, yarinya ta zaɓa da bakinta.

Wata rana Nomau ya ji Lantana a bakin rijiya tana cewa ko Shekarau ya wuce, ƙamshinsa ba ya wucewa. Ranar ko tuwo bai ci ba. Ya kama kaza ɗaya ya kai kasuwa, ya sayo irin turaren hammatan nan mai ƙwallo a baki. Mai shago ya ce a hammata ake murzawa, bai ce a tuɓe riga ba. Nomau ya murza a kan baƙar rigar, dama da hagu, har ya cinye rabin kwalba don ya fi Shekarau. Da ya bushe sai ga farin tabo biyu, kowanne kamar faifai.

Wata rana kuma, da Gwaggo Tabawa ta ga ɓarnar, ta zage shi tas, sannan ta ce ya sa lemun tsami a wurin, ya bar shi ya jima. Ya samo lemu biyu manya, bai yanka ba, ya cusa ɗaya a kowace hammata ya matse. Sai ya hango Shekarau ya nufi ƙofar gidan su Lantana. Zama ya gagare shi, ya bi bayansa yana tafiya kamar kaza mai kwanci. Malam Jatau ya miƙo hannu su gaisa, lemu ya faɗi ya gangara har gaban Shekarau. Shi kuwa ya ɗauka ya shinshina, ya tambayi Nomau ko yanzu a jikinsa yake noman rani. Lantana ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma dariyar ce ta fi ci masa rai.

Gwaggo ta karɓi rigar ta juya cikinta, ta jiƙa wurin da ruwan lemu, ta cuɗa da sabulu har tabon ya fita. Ta ce masa, "Ka shafa turaren kaɗan, a fatarka, ba a riga ba. Kuma kada rigar nan ta taɓa jikinka sai ya bushe."

Ranar Juma'a ya shafa, ya ɗaga hannuwa yana jira. Damina ce, abu ya ƙi bushewa. Sai aka ce ai Shekarau tuni ya tafi. Nomau ya ɗaga rigar sama da hannu biyu, ya ratsa gari da singileti, yara na binsa. Kafin ya isa iska ta busar da shi.

Malam Jatau ya karɓi rigar ya murza bakinta, ya gane rininsa ne, shi ya rina wa marigayi uban Nomau. Ya ce ya sa. Nomau ya sa, ya ɗaga hannuwa, babu tabo ko ɗigo. Kishi bai bar shi ya yi shiru ba.

"Baba, a ce Shekarau ma ya ɗaga nasa."

Shekarau ya ce kafaɗarsa na ciwo. Tsoho ya ce ko kaɗan ne. Ya ɗaga. Ashe ya lafta turare ya zura shaddarsa da gaggawa, fari ya yi mata zane tun daga hammata har aljihu, ga tsohon tabo da guga ta ƙona ya daskare. Marini ya kau da kai kamar an zage shi.

Daga bayan labule Lantana ta ce, "Baba, wai duk abin da aka ce masa shi yake yi?"

Aka ce mata sak.

"To, ni shi nake so. Nomau, sauke hannunka."

Sai a lokacin ya sauke. Har yau ita ke faɗa, shi yana yi.