Yadda Za Ka Goge Motar Surukinka Har Ta Yi Furfura

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ni ba mai magana ba ce. Ko a gidanmu in an yi baƙo, a bayan ƙofa ake nemo ni, karatuna kuma a firamare ya tsaya. Ga tsoron kada maigidana ya gani. Sai na tuna cewa shi duk rubutun da aka yi don a koya wa mutum wani abu ba ya karantawa. Wanda ke bayan gwangwani ma bai karanta ba, balle nawa. Nan hankalina ya kwanta.

To, kai mai karatu, in kana da suruki mai mota, kuma an yi mata sabon fenti, ga hanyar da za ka bi ta tsufa a hannunka cikin yini ɗaya. A ƙofar gidana aka gwada, ta taga na kalla tun daga farko. Na ba ka tabbaci: in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, mota za ta yi furfura, kai ma za ka fara.

Mataki na 1: Ka samo surukin da ya yarda da kai

Wannan shi ne mai wuya, sauran duk sauƙi ne. Misali, Babana. Yana da wata tsohuwar mota da ta girme ni, yana lallaɓa ta kamar jinjira. Ciwon gwiwa ya hana shi tuƙi, amma duk da haka ya kai ta wurin tsohon abokinsa mai fenti aka fesa mata baƙi. Sai ya kira maigidana ya ce, "Ka je ka karɓo ta, ta kwana wurinka, ka kawo min in gani. In na ga ka iya riƙe ta, makullin ya zauna a hannunka."

Ka san mene ne makullin nan ga maigidana? Sana'arsa kai ƙwai shaguna a kan babur. Kowane rami a hanya sai ya karɓi rabonsa, kullum wandonsa na dawowa da gwaiduwa. Mota a wurinsa ba ado ba ce, ƙarshen wahala ce. Saboda haka ka tabbata kai ma kana da abin da za ka rasa. Ɓarnar da ba ta da zafi ba ta cika ɓarna ba.

Mataki na 2: In mai fenti na magana, ka kalli fuskarka a jikin ƙofa

Ka tafi da matarka, don a samu mai ganin ka a bayan sitiyari. Mai fenti zai riƙe makullin bai sake ba, ya ce, "Ɗana, saurara. Fentin nan samansa ne kawai ya bushe, cikinsa ɗanye ne. Ruwa zalla, da tsumma mai laushi. Kada ka sa mata folish, kada ka sa mata komai, sai ta yi makonni tana shan iska."

A daidai lokacin nan ka duƙa ka gyara gemunka a ƙyallin ƙofa. Ka ce, "Haba Baba mai fenti, ai ni da mota ba yau muka fara ba."

Ba ƙarya ka yi ba. Ka sha shiga motar haya.

Mataki na 3: Ka sayi folish a cunkoso

Ga waɗanda ba su sani ba, folish wani farin kaki ne a gwangwani, ana shafa wa mota siriri, a inuwa, a goge da wuri don ta yi sheƙi. Ka manta da wannan bayanin yanzu, ba za ka buƙace shi ba.

Kada ka je shago, shago akwai masu ba da shawara. Ka jira ku tsaya a cunkoson hanya, mai talla ya tura maka gwangwani ta taga. Ka duba abu biyu: hoton jar mota a marfi, da ƙamshi. In yana ƙamshin lemo, mai kyau ne. In matarka daga kujerar gefe ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Ai kamar an ce kada a sa," ka ƙara sautin rediyo. Masana sun tabbatar cewa maganar da rediyo ya danne ba a faɗe ta ba.

Mataki na 4: Ka jira rana ta take

Inuwa ta raggwaye ce. Ka fito da motar tsakiyar rana, lokacin da in ka taɓa bonet sai ka yarfe hannu. Kada ka wanke ƙurar hanya tukuna, ƙura na taimakawa.

Ka laƙato da yawa. Surukinka ba ƙaramin mutum ba ne, ba a yi wa motarsa rowa. Ka shafa kamar mai yaɓen bango: bonet, rufi, ƙofofi, baƙar robar da ta zagaye gilasai, bamba, mariƙin ƙofa, har cikin haruffan sunan motar da ke baya. Duk tsagar da ka gani ka cusa mata. Ka gama motar duka a tashi ɗaya, sannan ka shiga ciki ka ci abinci, ka miƙe ƙafa gaban talabijin. Ka bar rana ta gasa.

Kafin ka shiga, ka leƙa gwangwanin. Za ka ga ragowa a gindi. Mai hankali ba ya zubar da ragowa. Ka ɗauko baƙin takalminka na fita, wanda za ka sa gobe in za ka wurin suruki, ka shafe masa ita tas, ka ajiye shi kan katanga shi ma ya sha rana. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Mataki na 5: Ka goge da ƙarfi

In ka fito za ka tarar motar ta yi fari fat, kamar an birgima da ita a buhun fulawa. Kada gabanka ya faɗi. Ka ciro tawul ɗin matarka daga igiya, wanda ya bushe ya yi kaushi, ka hau murza. Ba zai fita ba. Ka ƙara ƙarfi. Zai fara fita a tsakiyar bonet, ya bar wani dishi-dishi da zobba-zobba, kamar idon da ya yi yana. A jikin roba kuwa da cikin tsagogi, ya zauna ke nan, fari sol, layi-layi. Furfurar da na yi maka alkawari ta iso.

In matarka ta leƙo da kwanon ruwa ta ce, "Ko a bari ta huce?" ka ce, "Auta, koma ciki, wannan aikin maza ne."

Ta koma taga. Daga can ma an fi gani.

Mataki na 6: Ka tara masanan layi

Ba sai ka kira su ba, da kansu za su zo. Mai shagon kusurwa zai fara isowa, hannu a baya.

"Maƙwabci, motar ce aka yi wa hoda? Ina za ta?"

"Ba ta gama fita ba ne."

"Kananzir," in ji shi. "Kananzir ba abin da ba ya cirewa."

Tela zai taso da tef a wuya. "Kai da kananzir ɗinka! Sayar da shi kake so. Man gyaɗa za a sa. Ƙanin matata ya taɓa yi."

"Ya fita?"

"Bai fita ba, amma ƙuda sun so motar."

Sai tsohon direban da ke zama a bakin famfo ya tako, ya tofa yawu a yatsa, ya murza robar gilas, ya kalli yatsan ya daɗe. Ya ce, "Ta ci."

"Ta ci me, Direba?"

"Ta dai ci," ya koma bencinsa.

Ka bi shawarar kowa, kowanne a ƙofa daban, don kada wani ya ji haushi. Kafin yamma za ka samu mota mai ƙofa huɗu, kowace da irin cutarta, gaba ɗaya tana warin lemo da kananzir.

Mataki na 7: Ka nemo mai laifi, ka naɗa shaida

Yanzu ka zauna ka yi tunani. Rana ba a kai ƙararta. Mai tallan folish ya bi iska. Saura wa? Mai fenti. Tsoho ne, hannunsa na ɗan rawa, wa zai musa? Cewa da aka yi shi da Baba tun suna samari suke tare, kuma sunansa ne abincinsa, wannan ba matsalarka ba ce. Kai makulli kake karewa.

Ka yi bitar maganar gaban madubi: "Baba, wallahi kwana ɗaya ta yi, fentin ya fara tashi da kansa." Ka gwada da fuskar tausayi, ka gwada da fuskar ɓacin rai. Ka jefa gwangwanin bayan katanga. Ka kankare faratanka.

Sannan shaida. Ka zaɓi mai kunya, wadda ba ta iya haɗa ido da mahaifinta. Ka ce, "Auta, ba na ce ki yi ƙarya ba. In an tambaye ki, ki yi abin da kika saba, ki sunkuyar da kai. Shi ke nan."

Dabara ce mai kyau. Shirun mai kunya kamar farar takarda yake, kowa abin da yake so yake karantawa a ciki.

Mataki na 8: Ka sa takalmin fita

Da safe ka yi wanka, ka sa kaya masu kyau, ka zura takalmin nan da sauri ba ka kalle shi ba, don hankalinka na kan jawabi.

Da ni da maigidana muka isa ƙofar gidan Baba, sai ya fito da sandarsa. Ya zagaya motar a hankali. Ya shafa robar gilas kamar mai shafa kan marar lafiya. Maigidana ya sauke jawabinsa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Baba ya ciro waya ya kira mai fenti, ba a daɗe ba sai ga shi da kayan aikinsa a jiki.

"Tsoho," in ji Baba, "tsufan ya sauko hannu ne? Dubi abin da ka yi min."

Mai fenti ya kalli motar, ya kalli maigidana. Ya ce, "Ni dai ba haka na ba da ita ba. Amma surukinka ne, me zan ce?" Muryarsa ta yi sanyi, ya cire hularsa yana murɗawa. Baba ya juyo kaina.

"Auta, ke kina wurin. Yaya aka yi?"

Na yi abin da aka umarce ni. Na sunkuyar da kai. Sai dai shi wanda ya sunkuya, dole idonsa ya sauka kan wani abu, ni kuma nawa kan takalmin maigidana ya sauka. Baƙin takalmi, amma duk inda ɗinki ya bi, da ramukan igiya, da zagayen dunduniya, fari sol, layi-layi. Shi da motar kamar uwa ɗaya ta haife su. Na so in ɗauke ido, ya ƙi ɗaukuwa.

Baba ya san ni tun ina zanen goyo. Ya bi idona. Mai fenti ya bi idon Baba. Maigidana ne ƙarshen dubawa.

"Ɗana," in ji Baba a hankali, "takalmin ma shi ya fesa maka?"

Maigidana ya ɓoye ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi ba, ta bayan ma fara ce.

Mai fenti ya mayar da hularsa, ya yi dariya har da tari. "Dishin bonet ni zan gyara, in fentin ya ƙosa," in ji shi. "Amma na cikin tsagogi, wanda ya cusa shi zai ciro. Ruwan ɗumi da buroshi mai laushi, a inuwa. A inuwa, ɗana. Ka ji wannan karon, ko in ba ka madubi?"

Baba ya miƙa hannu, maigidana ya sa masa makulli a ciki. Baba ya ce, "Ɓata fenti kuskure ne. Ɗora wa tsohon nan, shi ne abin da ya ɓata min rai. Ba shi haƙuri." Ya ba shi, kai a ƙasa, ya fi ni iya sunkuyawa. Sannan Baba ya kamo hannuna ya danƙa min makullin. "Ki riƙe. Ranar da idon nan naki ya duba ko'ina bai ga fari ba, ki ba shi. In bai fita ba, ya ci gaba da fasa ƙwai."

Mai fenti ne ya tuƙo mu gida. Maigidana a baya ya zauna.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa makulli, ko suruki, ko tawul, ko takalmin fita, babu hannuna. Ni ban ce a yi ba, ban ce a bari ba, hasali ma ban ce komai ba, kowa shaida ne. Har yanzu maigidana na tambayata ko da gangan na kalli takalmin. Ni dai kunya ce da ni, ba ni nake zaɓa mata wurin sauka ba.

Washegari da safe na riga shi tashi. Na ɗaure makullin a bakin zanena, na dafa ruwa, na tura kujera gindin taga. Kusa da kofin shayinsa na ajiye bokiti da buroshin haƙori. Ya ɗaga buroshin ya juya shi.

"Auta, wannan ai nawa ne."

Na sunkuyar da kai. Da ya fita ya durƙusa gaban bamba ya fara, sai na zauna na miƙa yatsa ta taga ina nuna masa inda ya tsallake.