Yana Nan, Amma Ba Ya Nan

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na kai wa Baba Ilu jikarsa a aljihu, aka buɗe aka ga wayam.

Lokacin ina gyaran waya da kwamfuta a wani ɗan shago a unguwar Jadid da ke garin Sabha, na kuma koyi wata dabara da ta hau mini kai. Za ka kwafe faifai gaba ɗayansa ka dunƙule shi cikin fayil guda, sannan ka umarci kwamfuta ta ɗauki fayil ɗin a matsayin faifai na gaske. Nan take sai ya fito a allo da sunansa da girmansa, kamar ka soka shi da hannunka, alhali ba abin da ka soka. Wayyo daɗi! Ranar da dabarar ta fara yi mini, har rawa na taka ni kaɗai. Daga nan na zama annoba. Ko caja mutum ya zo saya, sai na zaunar da shi na ƙirƙiro faifan bogi a gabansa ina cewa, "Ka gan shi? Yana nan, amma ba ya nan!" (Akwai wanda ya daina bi ta layinmu saboda ni.) Kwamfutata ta cika da faifan bogi, ban damu na cire ko ɗaya ba.

Ana haka Baba Ilu ya zo. Dattijo ne daga wani ƙauyen Tasawa, yana ban-ruwa a wata gona a Wadi Bawanis, can wajen gari, ya daɗe rabonsa da gida. An haifa masa jika ta fari, aka sa mata sunan matarsa marigayiya, aka aiko masa da bidiyon suna a katin memori ta hannun direba. Katin ya sha zafin hanya, ya ƙi buɗuwa a kowace waya.

"Ɗana, an ce kai ne za ka iya tashinsa."

"Baba, ai faɗuwa ta zo daidai da zama!"

Kuma na iya ɗin. Na kwafe katin kafin ya ƙarasa mutuwa, na sa kwafin ya fito kamar faifai, na lalubo bidiyon lafiya lau. Na juya masa allo, sai ya kare fuska da hannu.

"A'a, kada ka nuna mini nan. Sai Juma'a, mu gani tare da 'yan'uwa. Kai ma ka zo."

Na soka sabon filas (shi kile yake ce masa), na tura bidiyon cikin faifan da na gani a allo, na zare na jefa aljihu. Gwadawa? Haba, gwani ne zai tsaya gwaji?

Juma'a bayan la'asar na iso cikin shadda, ina ƙamshi. Mudir ɗinsu, Balaraben da ke da gonar, ya ara musu talabijin, an kafa ta ƙarƙashin dabino. Ma'aikatan gonakin maƙwabta sun cika tabarmi, shayi na ta zagayawa. Baba Ilu ya zauna gaba, ya maƙala gilashin aro. Maimakon na kunna, sai da na yi musu lacca a kan faifan da yake nan amma ba ya nan. Har tafi aka yi mini.

Na soka filas. Babu komai. Na zare, na hura, na goga a riga, na sake sokawa. Wayam! Nan take na gane. Ashe cikin ɗaya daga faifan bogina na tura bidiyon, yana can shago a kulle. Dabarar da nake burga da ita, ni ta fara ruɗa.

Can Baba Ilu ya ce a hankali, "Ɗana, ita ma jikar tawa tana nan, amma ba ta nan ko?"

Aka fashe da dariya, har da mai faɗuwa daga kan bulo. Shi kam bai yi ba. Gilashin ya cire ya ninke ya sa aljihu, wannan kuwa ya fi dariyar yi mini ciwo.

Mudir ya tausaya, ya ɗauke ni a a-kori-kurarsa zuwa shagona a Sabha, na kwafo bidiyon. Da muka dawo an yi magariba, yawancin mutane sun watse, amma Baba Ilu na zaune inda na bar shi. Fuskar jaririyar na fitowa, ya miƙa yatsa ya taɓa allon, ya ce, "Hajara, sannu da zuwa." Ban iya kallonsa ba.

Har yau a gonakin nan sunana Yana-nan-ba-ya-nan, ina kuma amsawa. Amma tun daga ranar, duk filas ɗin da zan ba mutum sai na soka shi a wata na'ura na gani da idona, laccar kuma sai bayan an gama kallo.