Tirelar Yaya Jibrilla Cikin Tabki

Duk ƙasar Gobir, tun daga Isa har iyakar Burkusuma, ba a taɓa haihuwar direba irin Yaya Jibrilla ba. Ba ni nic ce ba, shi yac ce, kuma mutum mai taya goma sha takwas ba shi ƙarya. Makullin mota ga wuya shike rataya shi kamar laya. Tabarau ko cikin ɗaka ba shi cirewa. Mu ɗiyan gida Alhaji Taya-Sha-Takwas muke ce mishi, ko da yake iyakar Makkar da yat taɓa zuwa Ikko ce.

Shekara ta biyu ke nan sama ta ƙi mu. Bara gero ya tsira ya ƙone. Bana kuwa wata guda ya wuce lokacin shuka, ko ɗigo babu, ɗiyan anza masu ɗaci muke jiƙawa muna ci. A haka Yaya yat taso hutun kwana huɗu.

Ga abin da ba mu sani ba lokacin. Tirelar ta wata Hajiya Zulaihatu ce ta Gusau, mai fataucin gishiri. Ta ce mishi shi bar ta gareji shi hau motar haya, shi dawo Litinin a yi lodi. In taj ji motar ta taka ƙauye, makulli ya bar wuyanai ke nan. Yaya yac ce to, yat tada mota. Ga hanya yat tsaya, yas shafe sunan Hajiya na jikin ƙofa da farar ƙasa, yad dama bular wanki yar rubuta ALHAJI JIBRILLA DA 'YA'YA. Ko mata bai da.

Tun daga kwanar Sabon Birni shike danna ham. Da yak kawo garinmu yan nufi ƙofar gidanmu kai tsaye, don babban mutum gida shike sauka. Lungunmu kuwa jaki biyu in sunka haɗu sai ɗaya ya ja da baya. Kan motar ya shiga lahiya. Gindinta ne yad debe dangar maƙwabta, yak kwashe rabin rumbun Kawu Labbo.

Yaya yal leƙo ta taga yad dubi ɓarnar.

"Kawu, gode Allah ba komi ciki. Garin ga ba a tsara shi don ci gaba ba."

Baba yac ce, "Jibrilla, kai ta tashar Sabon Birni ka aje. Akwai hili, akwai mai gadi."

"Baba, motar da ba a gani ai ba a saya ba. In aje ta can, wa za shi san ɗanka ya zo?"

Sai yak koma da ita hilin kasuwa. To, shekarar yunwa in babbar mota ta tsaya kasuwa lulluɓe da tamfol, abu ɗaya mutane ke tunani: tsabar taimako ta iso. Kahin ka ce mi, mata sun yi layi da ƙore har bakin masallaci. Ni Tani, ƙanwar mai mota, wa yas sa ni? Ba kowa. Nis samu kara nih hau jera su. Nit tura abokiyar gabata ta bakin rijiya, Rahmatu, can ƙarshen layi, nic ce wadda ba ta gaida ni jiya ba yau ta gaida rana. Ko ni ban san abin da ke cikin motar ba.

Anka ɗaga tamfol. Tsohuwar taya guda da buta.

Sarkin kasuwa yac ce a hid da ita kahin matan nan su cinye tayoyin. Ni ko nib bi ta bayan rumfunan mahauta nit tahi gida.

Nan ne basirar Yaya tat tashi. Gabas da gari akwai tabkinmu, wanda ya shekara biyu a bushe, ƙasa ta tsattsage, shimfiɗe kamar faranti. Kuma ko daga ina ka tsaya cikin gari kana hangenai. Yaya yas sauka da tirela tsakiyar tabki, yaj juya ta yadda rubutun ƙofa za shi dubi gari.

Illo, Bafillacen da ke kiwo nan gefe da sauran shanunai shida, yam matso da sanda ga kafaɗa.

"Direba, wagga ƙasa samanta kaɗai ke da ƙarhi. Ƙarƙashi laka ce. Kuma duk ruwan gari nan shike gangarowa."

Yaya yag gyara tabarau.

"Illo, ni na ƙetare gadar Kwara sau ɗari. Na ga teku da idona, ruwan da ba shi da ƙarshe. In akwai wanda yas san ruwa garin ga, ni ne. Dubi sama. Wagga sama ko yawu ba ta da."

Illo yad dubi sama, yad dubi tayoyi, yak kora shanunai tudu.

Kwana biyu Yaya na sarauta. Shi shimfiɗa tabarma inuwar mota, mutane na zuwa kallo, shina ba su labarin Ikko. Ni nike kai mishi hura, ina tahiya ina yanga kamar da kuɗina anka sayi tayar gaba.

Ran Lahadi da hantsi gari yah hita roƙon ruwa. Maza sunka juya rigunansu bai-bai, anka koro dabbobi, anka tahi hilin idi. Yaya ya so shi tsaya baya, amma ina! Mai mota guda ba a barin shi baya. Dattawa sunka jawo shi sahun gaba, daidai bayan liman, Baba ga damanai, Kawu Labbo ga hagu.

Anka sallame, liman yas shiga addu'a. Limaminmu kuwa in ya ɗaga hannu sai kafaɗa ta gaji. Ana cikin haka iska taj juya. Gabas tay yi baƙi.

Mu mata muna baya, amma ina hangen ƙeyar Yaya. Kowa hannunai sama, shi kainai na waiwayen tabki. Liman yac ce, "Allah ka ba mu ruwa mai yawa!" Gari yac ce amin kamar tsawa. Yaya yam motsa baki. Liman yac ce, "Wanda za shi cika tabkuna da rijiyoyi!" Yaya yay yunƙura za shi tashi, Kawu Labbo yad danne mishi gwiwa.

"Zauna, Alhaji. Ka ce amin da ƙarhi, ba mu ji taka ba."

Duk Gobir ran nan mutum guda ne ke roƙon Allah shi dakata kaɗan, kuma sahun gaba anka aje shi.

Allah bai dakata ba. Ɗigon farko ga tabarau nai yas sauka. Yaya yat tsallake sahu uku da riga bai-bai, takalmi ga hannu, shina gudu shina faɗuwa. Kahin shi kai, ruwan lunguna ya riga shi. Yat tada mota, yab ba ta wuta. Tayoyi goma sha takwas, waɗanda shike ƙirga muna safe da marece, kowace tat tona ramin kanta taz zauna.

Da ruwa yat tsagaita yab bi gari neman masu turi. Ya manta garin da anka haife shi. Ranar ruwan shuka ba mai sauraron kowa. Kowa ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri ya yi gona, har liman. Baba yac ce mishi, "In mun gama shuka." Illo yan nuna mishi haƙarƙarin shanunai yac ce, "Waɗanga kansu ma da ƙyar suke ja."

Da la'asar muna dawowa daga gona mu mata, munka biyo ta bakin tabki. Ruwa ya kai ma motar ciki, Yaya na zaune bisa kanta kamar zalɓe. Sai Rahmatu tac ce, "Tani, ke da kinka yi boko, rubutun ƙofar nan kamar ya sake. Mi anka rubuta?"

Aji uku nit tsaya, amma ba a ƙure ni gaban Rahmatu. Nig gyara ɗaurin zane, niɗ ɗaga murya yadda kowa za shi ji, ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya.

"Ha-ji-ya. Zu-lai-ha-tu. Gu-sau."

Sai da nik kai ƙarshe kana nij ji abin da bakina yac ce.

Litinin ta wuce ba a yi lodi ba. Ran Laraba Hajiya taz zo da kanta da katafila. Ba ta yi faɗa ba. Hannu kawai tam miƙa, Yaya yas sunkuyar da kai tac cire makulli kamar mai kwance ma akuya igiya.

Gero ya yi kyau bana, alhamdu lillahi. Tabkin kuwa har yau Garejin Alhaji ake ce mishi, ni kuma bakin rijiya Malama Gu-sau. Yaya na nan gida, jakin Baba shike tuƙi zuwa gona, da tabarau nai. Wurin ajiya bai ƙara ba shi wahala ba. Turke guda ya ishe shi.